Jiragen Ruwa da Kasuwanci a Kogin Binuwai: Tarihin Tashar Garwa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera jiragen ruwa na alfarma domin sarakuna da manyan attajirai. Misali, kamfanin Lürssen na ƙasar Jamus, wanda Friedrich Lürssen ya kafa kusa da birnin Bremen a shekarar 1875, ya fara ne da ƙananan jiragen katako na tsere. A shekarar 2013 kuwa sai ga shi ya kammala wani jirgin shaƙatawa mai suna Azzam, wanda tsawonsa ya kai mita 180. A irin wannan sana'a, mai kuɗi ne yake faɗin siffar jirgin da yake so, maƙera su bi abin da ya ce.

A kogin Binuwai lamarin ya sha bamban. A nan kogi ne yake yanke girman jirgi da siffarsa, da nauyin kayan da zai ɗauka, har ma da watan da zai yi tafiya. Wannan maƙala za ta dubi tarihin jiragen ruwa da kasuwancinsu a garin Garwa da ke arewacin Kamaru, tun daga zamanin kwalekwale zuwa na jiragen kamfanonin Turawa, sannan ta bayyana dalilan da suka sa tashar garin ta durƙushe, da abin da ya rage na sana'ar a hannun masassaƙa da masunta.

2.0 Kogin Binuwai da Halinsa

Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa, arewa da garin Ngaundare. Ya gangaro ya ratsa Garwa, ya shiga Nijeriya ya wuce Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, sannan ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,400. Manyan kogunan da suke zuba masa ruwa a ɓangaren Kamaru su ne Mayo Kebbi, wanda ya fito daga wajejen Cadi, da kuma Faro.

Abubuwa biyu ne suka sa wannan kogi ya zama abin sha'awa ga 'yan kasuwa. Na farko, duk da cewa Garwa tana da nisan kimanin kilomita 1,500 daga teku idan aka bi ta ruwa, tudunta bai kai mita 250 bisa teku ba. Ke nan ruwan yana gangara a hankali, kuma babu wani magangarin duwatsu da zai tare jirgi tsakaninta da Lakwaja. Na biyu, kafin a shimfiɗa hanyoyin mota da na dogo, babu wata hanya mai sauƙi da za ta kai kaya masu nauyi zuwa yankin tafkin Cadi kamar wannan.

Sai dai kogin yana da babban aibu guda. Da damina yakan cika ya tumbatsa har ya malale fadamu, amma da rani sai ya janye, rairayi ya bayyana a tsakiyarsa, har a wasu wurare mutum ya iya ƙetarewa da ƙafa. Saboda haka manyan jirage ba su iya isa Garwa sai a cikin ɗan lokaci, galibi daga ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta zuwa farkon Oktoba. Duk tarihin da ke tafe ya rataya ne a kan waɗannan makonni.

3.0 Kafin Zuwan Jiragen Turawa

Tun da daɗewa al'ummun bakin kogi, irin su Bata da Jukunawa, suna kamun kifi da fito a Binuwai. A ƙasa kuma, wajen mahaɗar Lakwaja, Nufawa da Kakanda sun shahara wajen tuƙa manyan jiragen fatauci. Jirginsu kuwa gungumen itace ne guda da ake fafewa da gatari da gizago, a tuƙa shi da filafili inda ruwa yake da zurfi, ko a tokara shi da gora inda ba shi da zurfi.

Garwa ta kafu a matsayin garin Fulani a farkon rabin ƙarni na 19, bayan jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta a ƙasar Fombina da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Lamiɗon Garwa yana ƙarƙashin Lamiɗon Yola ne, shi kuma yana bin Sarkin Musulmi a Sakkwato. Wannan haɗin mulki ya buɗe wa fataken Hausawa da na Barebari hanya. Sukan kawo tufafi da kanwa da duwatsun ado da dawaki, su koma da hauren giwa da bayi daga wuraren Ngaundare da Tibati da Banyo. Yawancin wannan fatauci ta tudu ake yin sa, da jakuna da 'yan alaro. Amfanin kogi ga ayari a lokacin shi ne mashigi: wurin da za a tsaya a yi ciniki da masu fito, a biya, a haye.

4.0 Jiragen Ƙarfe na Farko

A shekarar 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka tabbatar wa Turawa cewa kogin Kwara a teku yake zubewa. Nan da nan wani ɗan kasuwa na Liverpool, Macgregor Laird, wanda gidansu gidan maƙeran jirage ne, ya shirya jirage biyu masu aiki da tururi. Ya sa wa ɗaya suna Quorra, wato Kwara. Ɗayan kuma, wanda aka ƙera da ƙarfe, aka kira shi Alburkah, sunan da aka ɗauko daga kalmar nan da Hausawa suke amfani da ita, wato albarka. Wannan ɗan ƙaramin jirgi yana cikin jiragen ƙarfe na farko da suka ratsa babban teku. Sun taso a 1832, kuma a 1833 Alburkah ya shiga Binuwai ya yi 'yar tafiya. Tafiyar ba ta yi albarka ba, domin daga cikin Turawa 48 da suka fito, 9 ne kawai suka tsira, yawancin sauran zazzaɓi ne ya kashe su.

A watan Yunin 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da Barno da sunan Abdulkarim, ya iso gaɓar Binuwai ta tudu, daidai inda Faro yake zuba a cikinsa, yamma da Garwa. Shi ne ya ba da labarin cewa a harshen Bata sunan kogin yana nufin uwar ruwaye, ya kuma nuna cewa wannan shi ne kogin da Turawa suka gani a Lakwaja suna kiran sa Cadda. Labarinsa ya sa gwamnatin Ingila ta haɗa kai da Laird aka aiko jirgin Pleiad a 1854, a ƙarƙashin likita William Balfour Baikie. A cikin jirgin har da Samuel Ajayi Crowther. Pleiad bai kai Yola ba, amma ya yi nisa cikin Binuwai fiye da duk wani jirgin Turawa da ya gabace shi, kuma ya koma ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba, saboda an riƙa shan kwinin kullum. A shekarar 1879 jirgin 'yan mishan mai suna Henry Venn, ɗauke da wani matashin Bajamushe, Eduard Flegel, ya hau kogin har zuwa yankin Garwa.

Daga waɗannan tafiye-tafiye maƙeran jirage na Ingila suka gane cewa jirgin teku ba zai yi aiki a nan ba. Jirgin da Binuwai yake karɓa shi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda ba ya nutsewa sosai cikin ruwa ko da an yi masa lodi. Maimakon farfela da za ta riƙa tonon rairayi, sai aka ɗora masa wata babbar ƙafa mai fukafukai a baya ko a gefe, wadda take dukan saman ruwa tana tura shi. Tukunyar injin kuma aka yi ta yadda za ta ci itace, tun da babu gawayin kwal a hanya. Sau da yawa akan ƙera irin waɗannan jirage a Turai, a warware su gunduwa-gunduwa, a kawo su bakin teku a sake harhaɗawa.

5.0 Kamfanin Neja da Takarar Turawa

A shekarar 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingilishi da suke ciniki a Kwara suka zama ɗaya. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya koma Royal Niger Company. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya riga ya yanke cewa Kwara da rassansa a buɗe suke ga jiragen kowace ƙasa, amma a zahiri kamfanin ya yi amfani da haraji da dokokin tsayawa a tasha ya hana kowa sakat.

A Yola, sarakunan Fombina ba su yarda kamfanin ya yi gini yadda yake so a tudu ba. Dabarar da ya yi ita ce ya ɗaure tsohon jirgi a bakin kogi, ya mai da shi kanti da ɗakin ajiya. Yana sayen hauren giwa da ƙaro da riɗi, yana sayar da gishiri da yadi. Cinikinsa ya kai har Garwa. Ga fataken Hausawa wannan sabon abu ne mai fuska biyu: sun sami kasuwa a kusa, inda za su sauke haure ba sai sun kai shi Kano ko bakin teku ba, amma kuma mai saye guda ne, shi yake yanka farashi.

Faransawa da Jamusawa ba su zuba ido ba. Wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Louis Mizon, ya hau Binuwai sau biyu tsakanin 1890 da 1893 yana neman ƙulla yarjejeniya da Lamiɗo Zubairu na Yola da Sarkin Muri. A ƙarshe kamfanin ya ƙwace jirginsa mai suna Sergent Malamine. A 1893 kuma Ingila da Jamus suka ja layi a kan taswira: Yola ta faɗa rabon Ingila, Garwa ta faɗa rabon Jamus. Wannan layi ya raba masarauta guda biyu, ya kuma jefa Garwa cikin wani hali da ba ta fita ba har tashar ta mutu, wato ƙofarta ta zuwa teku tana hannun wata ƙasa.

An karɓe izinin mulki daga hannun kamfanin daga ranar 1 ga Janairu, 1900. A watan Satumban 1901, lokacin cikar kogi, sojojin Ingila suka zo cikin jiragen ruwa suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya fita, ya gwabza da Jamusawa a Garwa a watan Nuwamba na wannan shekara, sannan a Marwa a farkon 1902, bai yi nasara ba. An kashe shi a 1903.

6.0 Zamanin Jamusawa

Jamusawa sun mai da Garwa mazaunin Razdan na Adamawa. Gwamnansu yana da jirginsa na alfarma a bakin teku, mai suna Herzogin Elisabeth, amma aikinsa a gaɓar Duwala yake. Kayan da za a kai arewa, ko dai a ɗora wa 'yan dako su yi makonni suna ratsa kurmi da tsaunuka, ko kuwa a bi da su ta Nijeriya cikin jiragen kogi. Hanya ta biyu ta fi arha nesa ba kusa ba.

Faransawa ma sun ƙyalla ido a kan wannan hanya domin kai kaya ga sojojinsu na Cadi. A 1903 Kyaftin Eugène Lenfant ya wuce ta Garwa da wani jirgin ƙarfe mai suna Benoît-Garnier, ya shiga Mayo Kebbi. Da ya iso magangarin duwatsu na Gauthiot sai aka warware jirgin aka ɗauke shi a ka, aka sake haɗa shi a sama, ya bi fadamun Tuburi ya faɗa kogin Lagone, daga nan sai tafkin Cadi. Ya nuna cewa hanyar tana nan, sai dai wahalarta ta hana ta zama hanyar ciniki ta yau da kullum.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, sojojin Ingila daga Yola suka kai wa Garwa hari a ƙarshen Agustan 1914, Jamusawa suka kore su da asara mai yawa. Sai da aka ciro wata babbar igwa daga jirgin yaƙi mai suna Challenger, aka hau da ita Kwara da Binuwai da ƙyar saboda rani, Faransawa kuma suka kawo tasu, sannan garin ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915. Daga nan Garwa ta koma hannun Faransa.

7.0 Zamanin Bunƙasa: Yadda Kasuwancin Yake Gudana

A ƙarƙashin Faransawa ne aka gina wa Garwa tasha ta sosai, da matsayar jirage da ɗakunan ajiya, ta zama babbar ƙofar arewacin Kamaru da kudancin Cadi. Jiragen kuwa na kamfanonin Ingilishi ne. Kamfanin Lever Brothers ya sayi tsohon Kamfanin Neja a 1920, a 1929 kuma aka haɗe shi da wani ya zama United Africa Company, wato UAC. Cibiyar jiragensa tana Burutu a bakin teku, inda yake da ma'aikatar harhaɗa jirage da gyaransu. Kamfanin John Holt shi ma yana da nasa jiragen a Warri.

Kayan da ake saukarwa a Garwa sun haɗa da gishiri, siminti, ƙarfen gini, kwanon rufi, yadi, kananzir da fetur. Waɗanda ake lodawa kuwa su ne gyaɗa da fatu da kuma auduga, wadda ta zo ta fi kome. Faransawa sun tilasta noman auduga a kudancin Cadi tun ƙarshen shekarun 1920, a farkon shekarun 1950 kuma kamfaninsu na CFDT ya yaɗa nomanta a arewacin Kamaru.

Wahalar wannan ciniki tana cikin lissafin lokaci. Ana cirar auduga da kaka, a gurje ta a ɗaure da rani. Amma a lokacin babu ruwan da zai ɗauki jirgi. Dole ɗaurin auduga ya zauna a sito wata da watanni yana jiran Agusta, kuɗin da aka zuba a cikinsa yana kwance, ga tsoron gobara da gara. Haka kuma duk simintin da za a yi gini da shi, da man da motoci za su sha a shekara, dole su iso cikin waɗannan makonni. Wannan ya sa aka gina manyan tankunan mai da situna a bakin kogi. Ɗan kasuwar da ya yi kuskuren oda, ko kayansa suka makara a Burutu, sai ya jira wata damina. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma masu jirage suna da nasu lissafin. Idan ruwa ya fara hawa, jirage sukan taru a ƙasa suna bin sa a baya, daga Makurɗi zuwa Yola, daga Yola zuwa Garwa. Jirgi mai inji yakan ja ko ya tura wasu jiragen dako marasa inji. Daga baya injunan dizal suka maye gurbin na tururi, aka huta da tsayawa ɗibar itace a gaɓa. Hanyar jirgi a cikin kogin ba ta zama wuri ɗaya, domin kowace damina rairayi yakan ƙaura. Saboda haka dogaron kamfani yana kan matuƙa 'yan ƙasa waɗanda suka san kogin, suna karanta launin ruwa da yadda yake murɗawa, yayin da wani yake tsaye a goshin jirgi yana auna zurfi da gora yana faɗa. Da ruwa ya fara ja da baya, sai a rage lodi a yi sauri a fita. Jirgin da ya yi jinkiri yana iya kafewa a kan rairayi har shekara ta kewayo.

A cikin gari kuwa, lokacin jirage kamar kaka ne. Ana aikin lodi dare da rana. Leburori sukan zo daga ƙauyuka, masu abinci da dillalai da masu masauki su samu, direbobi su yi ta jigila zuwa Marwa da Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu. Wannan harka tana cikin abubuwan da suka ɗaga Garwa ta zama cibiyar mulki da ciniki ta arewa, tun kafin ɗanta Ahmadu Ahijo ya zama shugaban ƙasar Kamaru a 1960.

8.0 Dalilan Durƙushewa

Abu na farko shi ne yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Ƙasan kogin Kwara ya zama fagen fama, zirga-zirgar jirage ta tsaya cik. Wannan ya nuna wa Kamaru da Cadi hatsarin dogaro da hanyar da take ratsa ƙasar wani.

Na biyu shi ne hanyar dogo. Layin da ya taso daga Yawunde ya isa Ngaundare a 1974, aka kuma haɗa shi da Garwa da hanyar kwalta. A wannan shekara ce aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, mai hedikwata a Garwa. Yanzu ana iya ɗora auduga a mota zuwa Ngaundare, a sa ta a jirgin ƙasa zuwa Duwala, ko da rani ko da damina. Kuɗin dakon ruwa ya fi sauƙi, amma hanyar da take buɗe wata goma sha biyu ta fi wadda take buɗe wata biyu.

Na uku shi ne madatsar ruwa ta Lagdo, wadda Sinawa suka gina tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 sama da Garwa. Tana ba da wutar lantarki ga arewacin Kamaru, ƙarfin injunanta megawat 72, ana kuma noman rani a ƙasanta. Sai dai ta canza halin kogin, domin tana riƙe ruwan damina, wanda shi ne dā yake ɗaga manyan jirage. Ga shi kuma an daina yashe hanya, rairayi ya cike matsayar jirage.

Madatsar ta kawo wata matsala tsakanin maƙwabtan biyu. A shekarun da ruwan sama ya yi yawa, tilas a buɗe ƙofofinta, ruwan ya haɗu da na sauran koguna ya yi ɓarna a ƙasa. A ambaliyar 2012 hukumomin Nijeriya sun ce mutum 363 sun rasu, fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu. A ta 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. An daɗe ana maganar gina wata madatsa a Dasin Hausa cikin jihar Adamawa domin tare irin wannan ruwa. Ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Kula da Kogin Kwara mai mazauni a Yamai, wadda aka sake wa fasali a 1980.

9.0 Masassaƙa da Masunta

Tafiyar manyan jirage ba ta kashe sana'ar jirgi ba. Tafkin da ya taru a bayan madatsar Lagdo, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600, ya jawo masunta daga nesa: Musgum da Kotoko daga bakin Lagone, Hausawa, da wasu daga Nijeriya da Cadi. Suna kama karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Wani kifin a kai shi kasuwa ɗanye, wani a yi bandarsa a tura nesa. Kowane masunci kuwa yana bukatar jirgi.

Jirgin gungume yana ƙara wuya, domin manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo, waɗanda ake fafewa, sun yi ƙaranci. Wanda ya fi yawa yanzu shi ne jirgin katako. Masassaƙi yakan fara da shimfiɗa katakan ciki a ƙasa, ya kafa haƙarƙari, sannan ya lanƙwasa katakan gefe ya buga su da ƙusa. Tsakanin katako da katako akan cusa auduga ko tsumma, a shafe da kwalta ko wani danƙo, wani lokaci a rufe da falle-fallen kwano. Ba ya aiki da zane a takarda. Awon yana kansa, kamar yadda ya koya wurin maigidansa. Idan jirgin na dako ne, sai a yanke bayansa a miƙe domin a rataya injin, galibi ƙirar Yamaha. Idan aka lura, siffar da ya fitar ita ce wadda maƙeran Ingila suka koma gare ta a ƙarni na 19: shimfiɗaɗɗen ciki wanda zai wuce bisa rairayi.

Ta fuskar jari, masunci da yawa ba shi ne mai jirgin da yake tuƙawa ba. Wani ɗan kasuwar kifi ne yake biyan masassaƙi, ya sayi koma da inji, shi kuma masunci ya riƙa biya da kifin da ya kama, a farashin da ba shi ya yanka ba. Tsakanin Garwa da garuruwan Nijeriya kuma manyan jiragen katako sun ci gaba da jigilar mutane da kaya idan ruwa ya samu. Cikin kayan da suka yi suna a wannan hanya har da fetur na bayan fage, wanda mutanen arewacin Kamaru suke kira zuwa-zuwa. Akwai kuma masu haƙar yashi, waɗanda suke cika jirgi da rairayin kogi su sayar wa magina. Hatsarin sana'ar sananne ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, rashin rigar ruwa, da kuma dorinar da har yanzu ake gani a kogin kusa da gari.

10.0 Wasu Kalmomin Sana'ar

Kalmar jirgi tun asali abin da aka fafe daga itace take nufi, wanda ake shiga ruwa da shi. Da sababbin abubuwan hawa suka zo, sai Hausa ta faɗaɗa ta, aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama, har ya zama dole a ce jirgin ruwa idan ana son bambantawa. Kwalekwale shi ne ƙaramin jirgi. Fito shi ne ƙetarar da mutane ko kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, mashigi kuma wurin da ake hayewa. Filafili shi ne abin tuƙi mai faɗin baki. Su shi ne kamun kifi, mai yin sa masunci, jam'i masunta. A garuruwan bakin kogi akan naɗa Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi domin kula da masu wannan sana'a. A Fulatanci, harshen da ya fi yaɗuwa a Garwa, kogi shi ne maayo, shi ya sa ake jin sunaye irin su Mayo Kebbi. Karin maganar nan ta jirgi ɗaya ya kwaso su, wadda ake yi wa mutanen da hali ko matsala guda ta haɗa, daga wannan rayuwa ta fito.

11.0 Kammalawa

An ga yadda Garwa ta tashi daga mashigin fatake ta zama tashar da arewacin Kamaru da kudancin Cadi suka dogara da ita, da yadda yaƙi da dogo da madatsar ruwa suka raba ta da manyan jirage. A kowane zamani, wanda ya ci riba a Binuwai shi ne wanda ya daidaita jirginsa da jarinsa da halin kogin. Hukumomin Kamaru sun sha yin maganar farfaɗo da tashar. Idan har za a yi, tarihin ya nuna sharuɗɗa uku: a riƙa yashe hanya a kai a kai, a tsara sakin ruwan Lagdo ta yadda zai amfani jirage ba tare da ya cuci mazauna gaɓa ba, sannan Kamaru da Nijeriya su yi aiki tare, tun da mafi yawan hanyar a cikin Nijeriya take. Kafin nan, jigilar da ta rage a kogin tana hannun masassaƙa da matuƙan jiragen katako, kuma su ne suka fi bukatar a taimaka musu da katako mai kyau, da rance mai sauƙi, da kayan kare rai.